Ƙwan salwa a zafin Gombe: yaushe ake kwashewa, kuma yaya ake ajiye shi?

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Tumfure, a Gombe, ta ce tana kiwon salwa 40 a bayan ɗaki, mata 32 da maza 8. Kullum da safe take kwashe ƙwan, yadda ta saba yi wa kajinta, sai ta tarar wasu sun tsage, wasu kashi ya ɓata su. Takan wanke su ta zuba a roba ta ajiye a ɗaki, amma kafin mako ya zagayo wasu sun fara wari. Ta kuma tara ƙwai 60 cikin kusan mako biyu ta kai wa mai injin ƙyanƙyasa, 'yan kaɗan ne suka fito. Tana son sanin inda matsalar take.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa albarka a kiwon. Daga bayanin da kika yi, tsuntsayenki lafiyarsu ƙalau. Ɓarnar tana faruwa ne bayan ƙwan ya fito, kuma tushenta shi ne lokacin da kike kwasa.

Kaza da hantsi take yin ƙwai, shi ya sa mai kaji yake zagawa kafin azahar ya kwashe abinsa. Salwa ba haka take ba. Mafi yawan ƙwanta tana sauke shi ne daga la'asar zuwa bayan magariba, wajen ƙarfe 3 na yamma zuwa 8 na dare. Idan sai da safe kike zuwa, ƙwan ya kwana a keji ke nan, sa'a 12 ko fiye, tsuntsaye 40 suna tattaka shi, suna yi masa kashi, ga ɓera da gafiya da ke yawon dare, ga kiyashi da ke bin duk wanda ya ɗan tsage. Saboda haka ki mayar da kwasar yamma. Ki leƙa bayan sallar la'asar, ki koma gab da magariba ko da an idar da ita, sannan ki yi zagayen ƙarshe bayan isha'i kafin ki kashe musu fitila. Da safe in kin je ba su abinci, ki ɗauke ɗaya ko biyun da suka makara. Wannan kaɗai in kika gyara, rabin kukan da kika kawo zai kau cikin kwanaki kaɗan.

Akwai dalilin da ya sa nauyin nan duka ya koma kanki. Salwar da muke kiwo a gidaje 'yar asalin Japan ce, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, ita ta shigo da ita Najeriya a 1992. Tsuntsuwa ce da ta daɗe ƙwarai a hannun mutane ana zaɓen masu yawan ƙwai, har ta kai kusan ta bar ɗabi'ar kwanci. Tana fara ƙwai tana da mako 6 zuwa 8, takan yi 250 zuwa 300 a shekararta ta farko in an kula da ita, amma da wuya ki ga ta yi sheƙa ta tattara su ta zauna a kai. Inda ya zo mata nan take saukewa ta yi gaba. Duk tsaron da kazar gida ke yi wa ƙwanta, a nan ke za ki yi shi.

Ba ki faɗi irin wurin da kika sa su ba. In keji ne na waya, ki sa mai walda ko kafinta ya karkata ƙasansa zuwa gaba, yadda ƙwai zai gangaro waje da kansa. Kejin da faɗinsa daga gaba zuwa baya ya kai santimita 50, ya isa a ɗaga bayansa da santimita 5 zuwa 6. Kada gangaren ya fi haka, don ƙwan zai taho da ƙarfi ya bugi baki ya tsage, tsuntsayen ma tsayuwa za ta yi musu wuya. A bar 'yar kafa a ƙasan gaba, kamar santimita 3, wadda ƙwai zai wuce amma tsuntsu ba zai fita ba, a lanƙwasa bakin wayar sama ya zama wurin tarewa, a shimfiɗa masa tsinken roba ko tsohon tiyo da aka tsaga. Ragar ƙasan ta zama mai ƙananan idanu, ta rabin inci. In kuwa a ƙasa suke, kan ɓuntun shinkafa ko garin katako, to ki san cewa suna son lungu da duhu. Ki kifa musu fasasshiyar tukunya ko rabin bokiti a kusurwa, ki zuba busasshiyar ciyawa ko yashi a ciki, da yawansu za su riƙa zuwa nan. Amma ki riƙa laluba shimfiɗar da hannu, domin zanen ƙwan yana sajewa da ɓuntu, kuma sukan binne shi wajen birgima. Ƙwan da kika tono ba ki san ranar da aka yi shi ba, kada ya shiga cikin na sayarwa.

Ki riƙa shiga wurinsu a natse, da 'yar muryar da suka saba ji. Salwa in ta firgita sama take zabura, ta bugi rufin keji da kai, sauran su ruɗe su tattake ƙwan da ke ƙasa. Yara masu gudu da kyanwa da haska tocila kai tsaye cikin dare duk suna jawo haka, kuma firgita mai tsanani takan sa su rage ƙwai na kwanaki.

Sai maganar wanki, kuma a nan zan ɗan daɗe, don ita ce ta fi cin mutane. Ɓawon ƙwai ba a toshe yake ba, yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iska ke shiga, ruwan ciki yake fita a hankali. Lokacin da tsuntsuwa za ta sauke shi, jikinta yakan shafe shi da wani siririn rufi mai ɗan danƙo, wanda ke bushewa cikin 'yan mintuna ya rufe ƙofofin nan. Shi ne ke hana ƙwayoyin cuta shiga. Da kin sa ruwa kin goge, kin cire shi. In ruwan ya fi ƙwan sanyi, kamar ruwan randa, abin ya fi muni, domin abin da ke cikin ƙwan zai ɗan tsuke, ya zuƙo ruwan dattin ta ƙofofin zuwa ciki. Kin ga kashin da yake a waje, ke da kanki kin tura shi ciki, sannan kin ajiye a ɗaki mai zafi inda ƙwayoyin cutar za su hayayyafa. Warin da kike ji kafin mako daga nan yake.

Abin yi shi ne, ƙwan da ya fito tsaf a bar shi yadda yake. Wanda kashi ya ɗan taɓa, a bari ya bushe a kankare da farce ko busasshen tsumma, a hankali. Za ki ga zanen yana ɗan gogewa, wannan ba aibi ba ne, launin a saman ɓawon yake. Wanda ya ɓaci sosai a ware shi na cin gida, a wanke da ruwa mai ɗumi dab da za a dafa, ba tare da jiƙawa ba, a dafa a ranar. Tsagagge ma haka, in na ranar ne kuma fatar ciki ba ta yage ba, a dafa shi sosai a ci. Wanda ya fara yoyo a zubar, kada a bar shi a cikin kiret, don wake ɗaya ke ɓata gari. Kada kuma a jefa wa tsuntsayen ɗanyen fasasshen ƙwai, in suka ɗanɗana suka saba, su da kansu za su riƙa fasa na keji.

Tun a wurin kwasa ki raba ƙwan gida biyu: na ci da sayarwa, da na ƙyanƙyasa. Kowanne da irin riƙonsa.

Na ci, ki daina jibga shi a roba. Ƙwan salwa bai wuce giram 9 zuwa 12 ba, kusan biyar ke yin na kaza ɗaya, ɓawonsa kuma siriri ne, na ƙasa ne ke ɗaukar nauyin na sama. Ki nemi kiret na ƙwan salwa, ko ki zuba ɓuntun shinkafa mai tsabta a tire ki jera su layi ɗaya, tsinin a ƙasa, mai faɗin a sama. A ɓangaren mai faɗin ne 'yar jakar iska take, in tana sama gwaiduwa takan zauna a tsakiya, ƙwan ya fi daɗewa. Ki rubuta ranar kwasa a jikin kiret ɗin, wanda ya riga zuwa shi zai riga fita. Ki nisanta shi da kalanzir da fetur da albasa da daddawa da turaren wuta, domin ta ƙofofin nan yana ɗaukar wari har cikin gwaiduwa.

Tsawon kwanakin da zai yi ya danganta da watan da ake ciki. A hunturu, Disamba da Janairu, ƙwan da ba a wanke ba zai yi mako biyu a ɗaki mai sanyi ba tare da ya lalace ba, sai dai bushewar iska tana sa ruwansa ya ragu. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Gombe ke kai wa digiri 40 a ma'aunin Selsiyas, ni ba na son ƙwai ya wuce kwana 5 zuwa 7 a hannun mai shi, musamman ɗakin da rufinsa kwano ne ba silin. A firji yakan yi wata guda, amma da sharaɗin sanyin ya ɗore. Firjin da ke sanyi da dare ya huce da rana yana sa ƙwai gumi, gumin nan kuma aikin wanki yake yi, yana jiƙa ɓawo ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. In wutarku ba ta tsayawa kuma babu sola, ajiya a wuri mai sanyi da bai canzawa ta fi irin wannan firjin.

Wurin da na fi ba mutanenmu shawara shi ne gindin randa, ko kuma tukunya cikin tukunya, dabarar da marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsatsowa yana bushewa shi ke janye zafin ciki. A bazara, da iska take a bushe, tana aiki sosai. Da damina ta kankama, ƙarfinta yana raguwa. Abin kiyayewa ɗaya ne, kada ruwa ya taɓa ƙwan, ki sa shi a kwando ko kan busasshen ɓuntu a cikin ƙaramar tukunyar.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: macen salwa ba ta buƙatar namiji kafin ta yi ƙwai. Namiji na ƙyanƙyasa ne kawai. Ƙwan da namiji ya taka uwarsa yana da rai a ciki, kuma da zafi ya haura digiri 24 zuwa 27, ɗan tayin yakan fara motsi, ya yi girman da bai kai ba, ya mutu, ƙwan ya ɓaci da wuri. Shi ya sa a zafinmu ƙwan da babu namiji ya fi jure ajiya. Da ni ce ke, sai in raba kejin, mata 20 su zauna su kaɗai don ƙwan kasuwa, mata 12 da maza 4 su zama na iri, ragowar mazan a yanka ko a sayar, abinci kawai suke ci suna fige wa matan kai. Rarrabe su ba wuya a irin masu ruwan ƙasa: ƙirjin namiji ja-ja ne babu ɗigo, na mace fari-fari ne da baƙaƙen ɗigo, kuma namijin da ya balaga in aka ɗan matsa bayansa farar kumfa takan fito.

Wannan ya kawo mu kan ƙwai 60 ɗin da kika kai inji. Kin tara su mako biyu, a ɗaki mai zafi, kuma ina kyautata zaton su ma an wanke su. Ko da injin lafiyarsa ƙalau, yawancinsu sun riga sun mutu kafin su isa can. Ƙwan ƙyanƙyasa ba ya son wuce kwana 7 a ajiye, bayan haka kullum adadin masu fitowa raguwa yake, a bazara kuwa ki tsaya a kwana 4 ko 5. Da mata 12 za ki samu wajen 9 ko 10 a rana, kin ga cikin kwana 5 kin haɗa kusan 50, ba sai kin jira mako biyu ba. Sanyin da ya fi dacewa da shi digiri 13 zuwa 18 ne, abin da ke da wuyar samu a nan sai a hunturu, don haka tukunyar nan ita ce mafi kusa. Firjin gida kuma ya yi masa sanyi da yawa, kada ki sa shi ciki. Ki zaɓi matsakaita masu kyan siffa da cikakken zane. A cire ƙanana ƙwarai, da manya fiye da kima waɗanda sau da yawa gwaiduwa biyu ne, da masu fari fat kamar alli, da masu laushin ɓawo. A jera waɗanda aka zaɓa tsini a ƙasa, a sa ɗan katako ƙarƙashin gefe ɗaya na kiret ɗin, da safe a mayar da shi ɗaya gefen, don kada gwaiduwa ta manne da ɓawo. In za ki rubuta rana a jikinsu, da fensir za ki rubuta. Hannunki ya zama busasshe, babu mai ko man shafawa, don maiƙo yana toshe ƙofofin da ɗan tayin zai yi numfashi da su.

Ranar kaiwa, ki fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, ki naɗe kiret ɗin da zani, ki riƙe a cinya a cikin Keke Napep maimakon ɗaurawa a bayan babur. Ki roƙi mai injin ya bar su su huta na sa'a 12 kafin ya sa. Yana da kyau ki tambaye shi ko ya san kwanakin salwa, don sun bambanta da na kaza: kwana 17 zuwa 18 ne, ba 21 ba, a zafin digiri 37.5, kuma ana daina juya ƙwan a kwana na 14 ko 15, a ƙara danshi. In ya haɗa su da na kaza a tire ɗaya yana juyawa har ƙarshe, za a yi asara. In kin gyara duk waɗannan amma fitowar ba ta inganta ba, ki duba iyayen. Salwa ba ta jure auren dangi, in maza da matan daga ƙyanƙyasa ɗaya suke, ki samo maza daga wani gida. Waɗanda suka haura wata 8 zuwa shekara ma ƙwansu ba ya fitowa kamar na matasa.

Tsagewar ƙwai kuwa, in ta ci gaba bayan kin gyara lokacin kwasa, abinci za ki duba. Ɓawo da sinadarin kalsiyam ake gina shi, kuma tsuntsuwar da ke sauke ƙwai kusan kullum tana buƙatar kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 na abincinta ya zama shi, da furotin wajen kashi 20. Dusa da gero kaɗai ba za su ba ta wannan ba. Abincin kaji masu ƙwai yana da kalsiyam isasshe amma furotin ɗinsa ya ɗan gaza, sai a ƙara masa garin kifi ko soyayyen waken suya da aka niƙa. Ki ajiye musu garin ƙashi ko dakakken ɓawon kawa a wani ɗan mazubi daban, mai buƙata za ta ci. A bazara ɓawo yakan ƙara sirancewa ko da abincin bai canza ba, domin suna rage ci, kuma hakin da suke yi saboda zafi yana fitar da iskar da jiki ke haɗa ɓawo da ita. Ki ba su abinci da asuba da kuma yamma in gari ya yi sanyi, ruwa mai sanyi kada ya yanke, a yi wa kejin rumfar zana in kwano ne a kansa. Hasken rana a nan ba ya kai sa'a 13, su kuwa suna son 14 zuwa 16, don haka ƙaramin ƙwan fitilar sola daga magariba zuwa wajen ƙarfe 9 zai ƙara yawan ƙwan, ya kuma haska miki zagayen dare. Mata 32 masu ƙuruciya ya kamata su ba ki 24 zuwa 28 a rana.

In kina shakkar wani ƙwai na ci, ki saka shi a kofin ruwa. Sabo yana nutsewa ya kwanta, wanda ya ɗan daɗe yana tsayawa da tsini a ƙasa, wanda ya taso sama a zubar. Wanda aka gwada a ruwa ya jiƙe, sai a dafa shi nan take. Dafuwa minti 4 a tafasasshen ruwa ta isa, a tsoma a ruwan sanyi, a murza a tafin hannu, a fara ɓarewa ta ɓangaren mai faɗi. In soyawa za ki yi, fatar cikinsa tana da tauri, ba ya fashewa da bugu ɗaya kamar na kaza, ki yanke kan da bakin wuƙa ki juye a wani kofi daban kafin ki haɗa da sauran.

Tunda kina sayarwa, akwai haƙƙin masu saye a kanki. In kin ba tsuntsayen maganin kashe ƙwayoyin cuta, ki karanta kwanakin jira da aka rubuta a jikin maganin ko ki tambayi likitan dabbobi, kada a ci ko a sayar da ƙwan sai sun cika. Kada ki karɓi tsohon kiret na takarda daga gonar kajin da ba ki sani ba, cuta tana bin sa. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a 2006 kuma takan dawo lokaci zuwa lokaci, don haka in kika ga mutuwa ta farat ɗaya a kejin, ki tsayar da sayar da ƙwai da tsuntsu, ki sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa. Za ki kuma haɗu da masu neman ƙwan don su sha ɗanye, saboda an gaya musu yana warkar da hawan jini da ciwon suga da asma. Ƙwan salwa abinci ne mai gina jiki, yana da kyau ga yara da masu jinya, amma ba ya maye gurbin maganin asibiti, kuma ɗanyensa yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Ki gaya musu su dafa, musamman in na ƙananan yara ne ko mai juna biyu ko tsofaffi, kuma duk wanda likita ya ɗora a kan magani ya ci gaba da shan abinsa.